Babi na Shida: Sabon Hedifon, Tsohon Kunne

Da yawa daga masu sayen hedifon mai tsada ba da murna suke kwana a ranar farko ba. Mutum ya daɗe yana jin ana yabon Sennheiser HD 600, wanda kamfanin nan na Jamus ya fitar tun 1997 kuma har yau ake ƙera shi. Ya yi tanadi, kaya sun iso, ya ɓare kwali, ya jona a waya, ya kunna waƙar da ya fi so. Sai ya ji sauti ba ƙarfi, bes ɗin da ya saba ji yana dukan kai babu shi, ga ƙarar babura daga titi tana shigo masa son ranta. Ya koma wurin mayun sauti da suka riga shi shiga harkar, kowa da nasa maganin. Wannan ya ce sai an haɗa da amfilifaya, wancan ya ce kebul ɗin da ya zo a kwali ne bai da kyau, wani kuma ya ce a bar shi yana kiɗa dare da rana har sa'o'i 200, sannan zai nuna. Kafin wata ya mutu ya ƙara kashe abin da ya kai kuɗin hedifon ɗin kansa, kuma damuwarsa tana nan inda take.

Abin yana ba ni takaici, domin yawancin gyaran da yake bukata ba ya cin ko sisi. Abubuwan da ke canja sauti sosai suna bakin hanya biyu ne: can farko inda aka naɗi sautin, da nan ƙarshe inda ya haɗu da kunne. Na tsakiyar hanya, inda 'yan kasuwa suka fi kafa rumfa, su ne mafi ƙarancin tasiri. Don haka daga kunne za mu fara.

A cikin kowane kofi na hedifon akwai 'yar lasifika mai siririn tantani, faɗinsa yawanci milimita 40 zuwa 50, yana kaɗawa gaba da baya. Tantani ƙarami haka ba zai iya cika ɗaki da kakkauran sauti ba, domin igiyar sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato Hz 50, tsawonta ya kusa mita 7. Dabarar da aka yi ita ce a killace 'yar iska tsakanin tantanin da dodon kunne, tantanin ya riƙa matsa ta yana saki. Muddin iskar a killace take, bes zai fito da kaurinsa. Da zarar ta sami kafa, matsin ya zurare, kuma bes ne yake fara tafiya. Kafar nan ba sai ta yi girma ba. Ƙafar tabarau ta isa. Gefen hular da ta sauko kan kunne ya isa. Kitso mai kauri, ɗankwali, hijabin da ya shiga ƙarƙashin soson kofi, saje mai cika, kowannensu yana iya ɗaga soson daga fata. Gwajin mai sauƙi ne: kiɗa yana tashi, ka sa tafin hannu ka ɗan danna kofunan biyu a hankali. In ka ji bes ya cika nan take, to iska tana zurarewa, kuma babu amfilifayar da za ta toshe wannan kafa. A ɗaga hula sama, a gyara zaman mayafi, mai tabarau ya nemi mai siraran ƙafafu ko ya ɗora su a saman soson. Hedifon mai rufaffen baya ya fi jin wannan matsala, mai buɗaɗɗen baya yana da ɗan haƙuri da ita. Mai iyafis kuma robar bakinsa ce ke yin aikin, ya gwada dukkan girman da aka sako masa a kwali, kuma kada ya yi mamaki idan kunnen dama da na hagu ba girma ɗaya suka karɓa ba.

A ɓangaren siririn sauti labarin daban ne. Igiyar Hz 10,000 tsawonta santimita 3 da ɗoriya ne kawai, kusan girman lanƙwashe-lanƙwashen kunne. Saboda haka in ka matsar da kofin gaba ko baya da 'yan milimitoci, yadda sautin ke karo da fatar kunne ya canja, wani kaifi ya tashi, wani ya kwanta. Masu auna hedifon a ɗakunan gwaji sun san haka, shi ya sa suke cirewa su mayar sau da yawa a kan kan roba mai makirfo a kunne, sannan su ɗauki matsakaicin sakamako. Kai ma ka ba wa wannan lokaci. Ka gwada kunnenka a tsakiyar kofi, ka gwada shi ya ɗan ja baya, ka sauko da maɗaurin kai mataki ɗaya. Inda murya ta fi zama daidai, ka riƙe wurin.

Soson kansa ɓangare ne na sautin, ba abin jin daɗin sawa kaɗai ba ne. Kaurinsa ne ke yanke nisan tantani da kunne, yadinsa kuma ke yanke yawan iskar da ke fita da yawan sautin da ake shanyewa. A ƙasashe masu sanyi soso yana daɗewa. A zafin Maris da Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, gumi yana cin fatar roba har ta fara ɓarewa, soson ciki ya lotsa, kunne ya matso kusa da tantani, sauti ya canja a hankali ba tare da mai shi ya lura ba. In lokacin canji ya yi, a nemi na kamfanin da ya ƙera hedifon ɗin. Soso mai araha da ya yi kama da shi a ido yana iya mayar da hedifon wani abu daban a kunne. A goge gumi bayan an cire, a kuma ajiye shi a jaka lokacin hunturu, musamman mai buɗaɗɗen baya, wanda raga ce kawai tsakanin tantaninsa da ƙura.

Buɗaɗɗen bayan nan Sennheiser ne ya fara kawo shi kasuwa da HD 414 a 1968, kuma yawancin hedifon da mayun sauti ke yabo irinsa ne, domin sautinsa yana da sarari, ba ya yin amon akwati. Amma ƙofa ce a buɗe ta fuska biyu. Na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin duk abin da ke kewaye da kai. Gurnanin janareto a bayan taga yana zaune daidai inda bes yake, ya danne shi. Wanda ɗakinsa ke bakin titi, ko a ofis yake saurare, mai rufaffen baya ne nasa, irin Sony MDR-7506 da gidajen rediyo da masu ɗaukar fim ke amfani da shi tun 1991. Wanda ya riga ya sayi buɗaɗɗe kuwa, kada ya yanke masa hukunci sai ya saurare shi da dare bayan gari ya yi tsit.

Sai maganar wuta, inda aka fi ruɗa mutane. A jikin kwali za ka ga lambobi biyu. Ta farko ita ce turjiyar hedifon ga lantarki, ana auna ta da om. Kamfanin Beyerdynamic, wanda ke ƙera hedifon tun 1937, yana sayar da DT 770 mai om 32, da mai 80, da mai 250. HD 600 kuwa 300 ne. Idan waya tana iya fitar da bolt 1, mai om 32 zai ja miliwat 31 daga gare ta, mai om 300 kuma miliwat 3 da ɗan ɗoriya kawai zai samu. Lamba ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, tana faɗin yawan ƙarar da hedifon ke bayarwa daga miliwat ɗaya. Hifiman HE6 om 50 ne kacal, amma daga miliwat ɗaya desibel 83 da ɗoriya yake bayarwa, yayin da na yau da kullum ke ba da kusan 100. Tunda kowane ƙarin desibel 3 yana neman ninkin wuta, desibel 10 kuma ninki goma, sai ya zama wannan mai ƙaramin om ɗin ya fi mai 300 cin wuta nesa ba kusa ba.

Ba sai ka yi lissafi ba kafin ka san matsayinka. Nemi waƙar da aka naɗa da mafi ƙarancin ƙara a cikin tarinka. Idan ta kai ƙarfin da kake so, akwai sauran wurin ƙarawa, kuma bugun ganga ba ya fashewa, wutarka ta isa. Idan ka ƙure maɓalli amma sauti yana can ƙasa, to a nan amfilifaya ta zama bukata, kuma matsakaiciya ta wadatar. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 sauran kamfanoni suka bi sahu, 'yar gajerar mahaɗar da ake jonawa a ramin caji ta zama gama-gari. A cikinta akwai DAC, wato abin da ke juya lambobi su koma sauti, da 'yar amfilifaya. Ta Apple dala 9 ake sayar da ita a Amurka, kuma masu aunawa sun same ta da tsabtar da ta wuce abin da kunne ke iya kamawa. Juya lambobi zuwa sauti matsala ce da injiniyoyi suka daɗe da gamawa da ita. Abin da ake saya in an ƙara kuɗi shi ne ƙarfi, da ƙarko, da yawan ramukan jonawa.

Akwai wata lamba ta uku da ba kasafai ake rubuta ta ba, ita ce turjiyar ramin da ka jona hedifon a ciki. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai om 32 ke nan yana son rami mai ƙasa da om 4. Dalili kuwa, turjiyar hedifon ba tsaye take wuri ɗaya ba. Ta HD 600 tana haurawa sama da 500 a wajen Hz 100. In ramin yana da babbar turjiya, irin na wasu tsofaffin rediyoyin falo da wasu miksa, rabon wuta zai bi wannan hawa da sauka, bes ya kumbura ya rasa tsari. Wasu suna son hakan, kamar yadda wasu ke son launin da amfilifaya mai kwalba ke ƙara wa sauti. Ba na ganin laifin son. Mutum dai ya san cewa launi ne aka ƙara.

Wutarmu ma tana da nata ƙarin. In kana jin wani zuuu a ƙasan sauti lokacin da laftof ke caji, musamman a kan janareto ko inbata ko caja maras kyau, zare cajar ka saurara. In ya ɗauke, ka gano mai laifi, kuma ba hedifon ba ne.

Yanzu mu koma can farkon hanya. Hedifon mai kyau ba ya gyara abin da aka ba shi, fallasa shi yake yi. Faifan CD da ya fito a 1982 yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ya kama kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3, wanda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka haɓaka a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, yana rage wannan nauyi ta hanyar zubar da sautukan da wasu suka danne har kunne ba ya jin su. A kilobit 256 ko 320, mafi yawan mutane ba sa iya bambanta shi da CD idan ba a gaya musu wanne ne wanne ba. A 128 zuwa ƙasa kuwa, kaifin sauti yana fara yin ruwa-ruwa, tafi da kacau-kacau su riƙa shuu. Babbar matsalarmu ma ba wannan ba ce, maimaita matsewa ce. A ciro waƙa daga bidiyo, a matse ta, wani ya ɗora ta a kan wani bidiyon, a sake cirowa, sannan ta iso memorin da aka loda maka a kasuwar waya. Kowane zagaye yana zubar da wani abu, kuma abin da ya zube ba ya dawowa ko da an mayar da fayil ɗin zuwa FLAC, wanda ba ya zubar da komai. A ƙaramar lasifikar waya ba a jin ɓarnar. A hedifon mai kyau ita ce za ta fara yi maka sallama.

Shin sai an haura sama da CD? A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun riƙa kunna wa mutane faifai masu ingancin da ya wuce na CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage su zuwa ma'aunin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ake kunnawa ba. A gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da abin da canki-canka zai bayar. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18 ya ga akwai ɗan bambanci ƙarami, wanda ya fi fitowa ga waɗanda aka horar. Ƙarami dai. Abin da ya fi shi girma sau da yawa shi ne hannun wanda ya haɗa sautin a situdiyo. Lokacin da ƙungiyar Metallica ta fitar da Death Magnetic a 2008, an matse faifan don ya yi ƙara har ya riƙa fashewa, masu saurare kuma suka gano cewa kwafin waƙoƙin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi faifan da suka saya daɗin ji. Waƙa ɗaya, mawaƙa ɗaya, hannu daban.

Wannan ya shafi namu kai tsaye. Da yawa daga kwafin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyi daga kaset aka ɗauko su, kaset ɗin ma kwafin wani kaset ne. Shuu ɗin zare yana nan, kuma hedifon mai kyau zai ƙara fito da shi. Amma in ka yi dace da kwafi mai tsabta, za ka ji abin da lasifikar shago ba ta taɓa ba ka ba: kalangai sun rabu, kowanne da muryarsa, kana jin lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya sautin ya hau, 'yan amshi kuma mutane ne daban-daban, ba dunƙulen murya ɗaya ba. Wahalar neman kwafi mai kyau ta fi kowace na'ura da za ka ƙara saya riba.

Bluetooth ba sai mun daɗe a kansa ba. SBC da AAC da aptX da LDAC na Sony, wanda ke kaiwa kilobit 990, dukkansu matse sauti suke yi kafin su tura. Kebul ya fi tsabta, amma yadda aka saita hedifon ɗin kansa ya fi sunan hanyar turawa tasiri.

To ina batun barin sa yana kiɗa har ya nuna? Kamfanin gwaje-gwaje na RTINGS da ke Montreal a Kanada ya kunna hedifon huɗu tsawon sa'o'i 120 yana auna su, bai ga canjin da kunne zai iya kamawa ba. Duk da haka masu cewa sautin ya gyaru bayan mako biyu ba ƙarya suke yi ba. Soso ya kwanta ya ɗauki siffar kansu, kafa ta toshe. Mafi girma kuma, ƙwaƙwalwarsu ta saba. Wanda ya fito daga hasken rana ya shiga zaure, da farko duhu kawai yake gani, bayan ɗan lokaci sai ya fara ganin tabarma da fuskokin mutane, alhali ba a kunna fitila ba. Haka kunnen da ya shekara yana shan bes mai kumburi yake jin daidaitaccen sauti a matsayin rama, sai ya huta sannan ya fara jin abin da ke ciki. Shawarata ita ce ka yi mako biyu da sabon hedifon shi kaɗai, kada ka riƙa komawa tsohon kana dawowa, kada kuma ka sayi komai a cikin kwanakin.

Mukan ce gani ya kori ji, kuma a harkar sauti hakan yana faruwa a zahiri. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa mutane su ba lasifikoki maki sau biyu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manya masu ƙyalli da tsada suka sami makin da ya fi wanda suka samu a bayan labule, kuma ƙwararru ma ba su tsira ba. Ga wani tarkon kuma: in abu biyu suna kiɗa, wanda ya ɗan fi ƙara, ko da da ƙasa da desibel 1 ne, kunne yakan ce ya fi kyau. Duk wanda zai gwada maka sabon kebul ko sabuwar DAC, ka ce a daidaita ƙarfin sauti, wani ya riƙa canjawa a bayanka. Kebul aikinsa ya kai wuta ba tare da yankewa ba. In na kwali bai lalace ba, ya isa.

Abin da ke canja sauti da gaske, kuma kyauta, shi ne ikwalaiza, wato abin ɗaga ko rage wani ɓangaren sauti, kuma ina mamakin yadda wasu ke ƙyamarta alhali duk waƙar da suke ji ta bi ta cikinta a situdiyo. Ramin kunnen mutum, mai tsawon kusan santimita 2 da rabi, tare da fatar kunne, suna ƙara wa sautukan wajen Hz 3,000 ƙarfi da kansu. Ƙwaƙwalwa ta saba da wannan tun haihuwa. Hedifon yana zaune a kan kunne, yana canja yadda sauti ke shiga, don haka dole a saita shi ya kwaikwayi abin da kunne ke samu daga lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau. Yaya za a saita shi? Kowane kamfani da amsarsa, har Sean Olive da Todd Welti suka fara bincike a Harman wajen 2012. Suka fitar da ma'auni a 2013, suka gyara shi a 2015 da 2018, bayan gwaji da ɗaruruwan masu sauraro a Amurka da Kanada da Jamus da Sin, ba tare da sun san hedifon da suke ji ba. Kusan kashi 64 cikin ɗari sun fi son ma'aunin yadda yake, kashi 15 suna son ƙarin bes, kashi 21 suna son a rage shi. Masu son ƙari yawanci maza ne, masu son ragi kuma mata da manya sun fi yawa a cikinsu. Ma'aunin Harman ke nan mafari ne mai kyau, ba doka ba ce. Wani binciken da Jeroen Breebaart ya wallafa a 2017, bayan ya duba awon hedifon 283, bai sami alaƙa tsakanin farashi da daidaiton sauti ba. Tsada ba ta hana hedifon bukatar gyara.

A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, a wayar Android akwai Wavelet, kuma tarin AutoEq yana da saitin dubban hedifon da aka riga aka auna. Ka ɗauki na hedifon ɗinka ka fara da shi. In ka ɗaga wani wuri da desibel 5, ka rage ƙarfin gaba ɗaya da desibel 5, in ba haka ba sauti zai fashe. Daga Hz 10,000 zuwa sama kada ka dogara da awo sosai, domin a nan kunnenka da kunnen roba sun sha bamban.

Wajen gyaran ƙarshe, murya ce ma'aunin da na fi amincewa da shi, domin babu sautin da ɗan Adam ya sani kamarta. Ka zaɓi muryar da ka shekara kana ji, ta mai karanta labarai a rediyo, ko karatun Sheikh Mahmud Khalil al-Husari, wanda ya fara naɗar cikakken Alƙur'ani murattal a Masar a 1961. Ka kasa kunne ga sin da sad, ko "s" da "sh" da "ts" na Hausa. In suna sukar kunne, akwai tudu tsakanin Hz 5,000 da 8,000, ka rage desibel 2 ka sake ji. In muryar ta yi nauyi kamar daga ƙirji kaɗai take fitowa, ka duba wajen Hz 200. In ta yi nisa, ta dusashe, wajen 3,000 ne ya yi ƙasa. Canji ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka kwana da shi kafin ka ƙara wani.

Wasu tsofaffin faifan sitiriyo na shekarun 1960 an ajiye ganga gaba ɗaya a hagu, murya gaba ɗaya a dama. A lasifika ba matsala, kowane kunne yana jin ɓangarorin biyu. A hedifon yana gajiyar da kai. Tun 1961 injiniya Benjamin Bauer ya fito da dabarar ɗiban kaɗan daga kowane ɓangare a zuba wa ɗayan da ɗan jinkiri, kuma manhajojin saurare da yawa suna da maɓallinta.

Saura ƙarfin sauti, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya ba ni hankalinsa. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na Bell Labs suka nuna cewa kunne ba ya jin kakkauran sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Shi ya sa duk lokacin da ka ƙara, waƙa take ƙara daɗi, hannu kuma yake ta komawa kan maɓalli. Hedifon mai araha yana fara fashewa in an ƙure shi, ya gargaɗe ka. Mai kyau ba ya gargaɗi, yana nan tsaf har ya wuce inda ke cutarwa. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin gashi kusan 16,000 masu juya kaɗawa zuwa saƙon jijiya, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na sa'o'i 40 a mako. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 sa'o'i 20, a 89 sa'o'i 5, a 95 sa'a ɗaya da kwata a mako gaba ɗaya. Yara kuma 75 aka yanka musu.

Ka saita ƙarfin a ɗaki shiru, ka taso daga sifili har inda kake jin komai a sarari, ka tsaya nan ka riƙe lambar. In hayaniya ta taso kada ka bi ta da ƙari, ka koma mai rufaffen baya ko mai kashe hayaniya. In a ƙaramar ƙara bes ya yi maka kaɗan, ka ɗaga shi desibel 2 ko 3 a ikwalaiza maimakon ɗaga komai. Mai buɗaɗɗen baya yana da gwaji a hannu: in wanda ke tsaye kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba, ka wuce iyaka. In ka cire hedifon kunnenka yana ƙara, ko maganar mutane ta dusashe, ka ba shi hutu har washegari.

Wanda ya ji murya kullum tana karkata gefe ɗaya, ya juya hedifon, na dama ya koma hagu. In karkatar ta bi hedifon, kayan ne ke da matsala, a mayar wa mai shago tun garanti bai ƙare ba. In ta tsaya a kunne ɗaya, a je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibiti. Sau da yawa dattin kunne ne ya taru, a wanke shi a wuce wurin. In kuma gwajin ji ya nuna kunne ɗaya ya ɗan fi ɗaya rauni, akwai madaidaicin dama da hagu a saitin mafi yawan wayoyi da kwamfutoci, kuma desibel 1 ko 2 yakan isa ya dawo da muryar mawaƙi tsakiya.